Tabon Girar Hagu

Daga hoton suna abin ya fara. Matar maƙwabcinmu ta haihu, ranar suna aka jera mu 'yan matan unguwa a jikin katanga, wani ya ɗauke mu da waya. Inna ta roƙi Gwaggo, yayar Baba, ta tura masa hoton can Aljeriya, inda yake aikin gini tun ina ajin farko a lakwal, makarantar boko. Wayar Gwaggo ce kaɗai babba a danginmu, ta nan saƙonninsa suke zuwa.

Da amsarsa ta iso muka zauna a tabarma muna saurare. Ya gaida kowa, ya tambayi damina da awaki, ana jin iska tana kaɗa wayarsa. Ya ce, "To wai wace ce tawa a ciki? Mai koren kallabi ko ta gefenta?"

Ba ni ce mai koren kallabi ba, ba ni ce ta gefenta ba. Ni ce ta can ƙarshe, wadda rabin kafaɗarta bai shiga hoton ba.

Inna ta yi dariya, irin wadda take yi idan tuwo ya ƙone a gaban baƙi. Gwaggo kuwa ta buga cinya ta ce laifin wayar ne, hoton duk hazo. "Sitidiyo za mu kai ta," in ji ta. "A ɗauke ta ita kaɗai, ya ga ɗiyarshi da kyau. Asabar mai zuwa."

Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. A aji, mushe, malaminmu na lissafi, yana rubutu a allo, ni ina leƙen fuskata a gilashin taga. A gida in na buɗe randa sai na tsaya kallon ruwan kafin in tsoma moɗa. Ina neman abin da mutum zai gani ya ce wannan tawa ce. Hancina irin na kowa ne. Idanuna na Inna ne, amma rabin 'yan matan Dakoro irin idanun nan gare su. Abu ɗaya na samu, tabon da ya raba girata ta hagu biyu, inda gashi bai sake tsirowa ba.

Ina ƙarama na samu tabon. Baba ya tafi da ni rijiya wajen Birnin Lalle, lokacin muna da shanu. Yana jan guga, ni kuma na bi wani ɗan maraƙi da gudu, na zame a laka, na faɗa kan bakin komin ƙarfe da dabbobi ke shan ruwa. Ban tuna zafin ba. Na tuna ƙarar yagewar rawaninsa, da yadda ya naɗe mini kai da ƙyallen, da warin zufa da hayaƙi a wuyansa yana gudu da ni zuwa gidan likita. Shi ya riƙe mini kai aka yi ɗinkin. In ma ya manta komai nawa, na ce a raina, wannan ba zai manta ba.

Amma Gwaggo tana da nata shirin. Ranar Alhamis aka yi mini kitso, ƙanana matsattsu, har girata ta ɗage sama kamar mai mamaki. Ranar Juma'a bayan an taso daga lakwal mai lalle ta zo, ta zana mini hannuwa har gwiwa, na zauna da su a miƙe, ƙuda yana yawo a hancina ba halin kora. Gwaggo ta kawo shaddar ɗiyarta da ke aure a Sabon Maci, ruwan kunun kanwa, ta yi mini yawa, aka kama bayan da fil. Ta kawo sarƙa da 'yan kunne masu nauyi. Takalmin ma aro ne, sai da aka cusa tsumma a gabansa.

Safiyar Asabar ta zaunar da ni a kan turmi ta juya ni wajen haske. Ta shafa hoda, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Ta sa kwalli. Sannan ta ciro jagira daga jakarta, ta kama haɓata.

"Tsaya mana, ke kamar an zuba maki tururuwa a zane! Bari in cike wannan giɓin, kamar ɓera ya ci."

Ina jin tsinin jagirar yana bin tabon, sanyi-sanyi. Na dubi Inna, tana tsaye da tsintsiya a hannu. Ta kau da kai, ta ci gaba da shara. Yayar miji ce, kuma ita ta ɗauki nauyin hoton.

Da aka miƙo mini madubi na ga wata kyakkyawar yarinya, fara tas, mai gira biyu iri ɗaya kamar an buga da hatimi. Ko ni da an nuna mini ita a hoton suna, zan tambaya ɗiyar wace ce.

"Mi kika gani?" in ji Gwaggo. "Wallahi sai ya ce an musanya mashi."

Ita yabo take nufi. Ni na kife madubin a cinyata.

Sitidiyon yana bayan tasha, ɗaki ne ƙarami mai labule da aka zana wa gidan sama da furanni. Mun tarar kuran, wato lantarki, ya ɗauke. Mai hoton, wani dogon mutum mai tabarau, ya ce mu jira. Muka zauna a benci. Gwaggo ta shiga hira da wata mata da ta kawo tagwaye, ni kuma ina karkaɗa ƙafa har takalmin aron ya fita. Na mayar. Ya sake fita. Zufa ta fara yi wa hodar hanyoyi a wuyana. A bango hotunan mutane ne jere, amare, da 'yan makaranta, da wani makiyayi riƙe da sandarsa. Duk fuskokinsu sumul, ba kurji, ba tabo. Har tsagar kumatun makiyayin ta dushe, sai ka matsa kusa za ka gan ta.

Na juya baya kamar ina kallon titi. Na lashi bakin mayafina, na goge girar hagu. Na duba mayafin, ya yi baƙi. Na sake lasa, na sake gogewa, har yatsana ya ji santsin tabon. Sannan na jawo kallabin ƙasa kaɗan.

Kuran ya dawo, fanka ta fara juyi. Mai hoton ya tsayar da ni gaban gidan saman, ya kunna fitilu biyu masu lema. "Ɗaga haɓa. A'a, ya yi yawa. Mayar da kallabin baya, ɗiyata, fuskar muke so. Gwaggo, ko kun bar dariyarta a gida ne?" Haske ya ƙyalla, ya sake ƙyallawa, na ga kore-kore a idona.

Ya kira mu gaban ordinatarsa, kwamfutar da yake gyaran hotuna. Ga ni nan daga ƙirji zuwa sama.

"Ina lallen?" in ji Gwaggo. "Malam, yini guda aka yi ana zana hannun nan!"

"Hajiya, ai fuska kuka ce."

Suna wannan ja-in-ja ya matso da fuskar tawa ta cika allon. Gwaggo ta hango girar. "Kai! Zufa ta cinye jagirar."

"Wannan ba komai ba ne," in ji shi. "Yanzu zan share shi."

Na ga wata 'yar da'ira tana tafiya a kan goshina a allon. Ta taɓa wani kurji, kurjin ya ɓace. Ta gangaro wajen gira. Na ce, "A bar shi." Fanka ta haɗiye maganar. Da'irar ta hau gefen tabon, rabinsa ya tafi.

"Don Allah a bar mini shi!"

Har tagwayen suka juyo. Ban taɓa jin muryata da ƙarfi haka a gaban baƙo ba, kunnuwana suka ɗauki zafi. Gwaggo ta ce, "Ke, lafiyarki? Ana gyara ki kina..."

"Da shi Baba zai gane ni," na ce, idona a kan takalmin aro.

Mai hoton ya danna wani abu, tabon ya dawo cikakke, har kurjin ma ya dawo. Gwaggo ta gyara mayafinta, ta ce a rage hasken hodar kuma, ya yi yawa, kamar ba ita ta shafa ba.

A nan sitidiyon aka tura hoton. Amsa ba ta zo ranar ba, ba ta zo Lahadi ba. Na yi ta sintiri tsakanin gidanmu da na Gwaggo, yanzu in ce aron rariya, anjima in ce na manta fil, har ta ce in na sake zuwa za ta ɗaure ni a turken akuya. Ranar Litinin ina dawowa daga lakwal na same ta a tsakar gidanmu, wayar a cinyarta, Inna a gefe. Ba su buɗe ba, ni suke jira.

Wannan karon bai fara da gaisuwa ba. Dariya ya fara yi, wadda ta ƙare da tari. "Ita ce! Ga aikin komi nan. Har yanzu gashin bai tsiro ba? Ku ce mata rawanin nan yana nan wurina, gajere ne, kullum sai abokan aiki sun yi mini tsiya." Iska ta kaɗa wayar. "Ta girma," ya ce a hankali. Sai kuma ya koma tambayar awaki.

Gwaggo ta dubi Inna ta ce, "Kin gani? Shi ya sa na ce kar a share."

Inna ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Ni na karɓi wayar da hannuna mai lallen da bai shiga hoto ba, na mayar da saƙon tun daga farkonsa, na kara a kunne.