Sai Godiya: Amsar da Yaya Mannir Bai Taɓa Yarda da Ita Ba

Damina tara ke nan tun da muka binne Yaya Mannir. Da damina nake ƙirgawa don shi ma da ita yake ƙirga komai, har shekarun 'ya'yansa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ga wanda bai san shi ba, yayana ne ciki ɗaya, malamin jami'a mai bincike a kan zaman manoma da ƙasarsu. Su biyu suke fita ƙauyukan Kurfi. Abokin aikinsa ya auna zurfin rijiya da ƙarfin ƙasa, shi kuma ya samu inuwa ya zauna sauraron mutane. Mu a gida dariya muke masa: mutum ya yi karatu har ya zama dakta, amma aikinsa bai wuce hira da tsofaffi ba! Inna takan ce da ta san haka boko yake, da ita ma ta nemi albashi.

Abin da ya fi ba shi wahala a aikin nan kalma biyu ce: sai godiya. Ka tambayi manomi ya amfanin bana, gero ya ƙone a tsaye, rumbu wayam, ya dube ka ya ce sai godiya. Ba ƙarya yake yi ba, haka aka tarbiyyantar da mu, ba a kai kukan abin da Allah Ya yi wurin baƙo. Yaya yakan ce duk mai binciken da ya rubuta wannan amsa ya kaɗe rigarsa ya tafi, gaisuwa ya kwaso. Shi ya sa yake ta komawa wurin mutum ɗaya, ya ci tuwon gidan, ya je suna, ya je jana'iza, har wata rana maganar ta fito da kanta. A haka ya ji cewa fadama na janyewa, gonaki sun cinye burtalin shanu, samari kuma, na ruga da na gari, sun daina jin maganar manya.

Mutum ɗaya ne ya gagare shi, wato Kawu Sada, ƙanen Inna, da ke wani ƙauye kusa da Birchi. Na taɓa jin su a ƙofar gidansa.

"Kawu, rijiyarka ta bana da ta bara ɗaya ce?"

"Kai dai Mannir ba ka gajiya. Mi za ni ce maka? Mun gode Allah."

Har ciwo ya kwantar da Yaya bai samu abin da ya wuce haka ba.

Ya rubuta abin da ya ji daga sauran, ya karanta a taruka, aka tafa masa, kowa ya watse. Ba na cewa rubutunsa zai hana masu bindiga zuwa, amma ina jin haushi, kuma ba zan ɓoye ba. Yau gonar nesa ta zama daji. Masu bincike na yanzu ba laifinsu ba ne, wace uwa za ta bar ɗanta ya bi waɗannan hanyoyi? Ta waya suke tambaya, a waya kuwa ba a wuce gaisuwa. Sai ka ji an ce bincike ya nuna mutanen yankinmu suna da juriya. Da Yaya na raye, ban sani ba ko dariya zai yi ko kuka. Na fi zaton zai hau babur, mu kuma mu riƙe makullin.

Duk tsawon shekarun nan fargabata Kawu ne. Mun roƙe shi ya dawo wurinmu Dutsin-Ma ya ƙi. Ni dai ina so ya tsira, amma can cikin raina ina jin cewa muddin yana can, ƙauyen Inna bai mutu ba.

To, me ya rage na Yaya? Littattafansa na nan a kabad. Ɗalibansa na masa addu'a. Amma aikinsa irin wanda sai da ƙafa da zama ne, ƙasar kuwa ta daina zaunuwa. Ban ga ta inda wani zai ɗora ba.

Bayan girbin da ya wuce sai ga Kawu a ƙofar gidana, cikin a-kori-kura, da kwanon rufinsa da ƙyauren ɗakinsa a ɗaure. Wanda ya kwance kwano ba ya tunanin komawa. Ya sha ruwa, sannan ya dube ni.

"Malama, wa ya gaji Mannir a aikin nan nashi na tambaya? Ki kira mani shi. Yanzu ina da magana."

Na yi ta tunanin wanda zan kira. Daga ƙarshe na ce, "Kawu, bari in kawo maka abinci."