Ƙofar Rufin Gwaggo Mai Wanki

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma wanki ne sana'arta tun ban san damana da haguna ba. Ni tela ne, shagona na jikin ƙofar gidanta, saboda haka kusan duk abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi, ban da hasken da ya jawo komai, wanda barcin asuba ya hana ni gani. Har yau in na tuna abin da aka yi wa matar nan sai zuciyata ta tafasa, in riƙa taka keken ɗinki kamar shi ya yi mini laifi.

Gidan nata ƙarami ne. Tsakar gidan bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, ga dogayen benaye sun tsare shi hagu da dama, rana ba ta leƙowa sai ta yi tsaka, ta ɗan gaisa ta wuce. Da mijinta ya rasu, dangi suka ce ta sayar ta koma wurin 'yan'uwa, ita kuwa ta ce ba inda za ta. Shekara da shekaru tana wanki tana tara bulo a bayan ƙofa, har aka zuba rufin kankare a kan ɗakunan, aka yi siririyar matakala, aka sa ƙofar ƙarfe a ƙarshenta saboda ɓarayin shanya. Can sama ta kafa turaku ta ja igiyoyi. Rufin nan shi ne gonarta, shi ne kantinta, da shi ta aurar da 'ya'yanta mata, da shi ta saya mini keken ɗinkin da nake takawa.

Tana da tsarinta a shanya, kuma ba a taɓa mata shi. Kowace igiya da mai ita. Ta gaba, wadda rana ke fara bugu, ta zannuwan gadon wani ƙaramin otel ce da ke kusa da tashar mota. Ta biyu ta jajayen ƙyallayen tebur ce na wani gidan abinci. Sauran na gidajen unguwa ne, kuma ko safa ɗaya ba ta yarda ta tsallaka igiyar maƙwabta. Ga ta da baki. In ta wanke rigar da na ɗinka ta ga ɗinki ya saki, sai ta tsaya a ƙofar shago a gaban mutane ta ɗaga ta sama ta ce, "Tela, wannan da zare ka ɗinka ta ko da yawu?"

Bayan gidan akwai babban kwalbati, bayan kwalbatin kuma katangar barikin soja. In kana ƙasa katanga kawai za ka gani. In kana rufin Gwaggo kuwa har fili da tankin ruwa da jerin motoci ana hangowa. Ita dai ban taɓa jin ta kawo zancen ba, don abin da take kallo a can sama shi ne hadari.

Wata asuba, taurari ba su gama ɓuya ba, ta hau da kwandon jiƙaƙƙun kaya kamar kullum, sai ta ga wani haske fari mai ratsin kore tsaye cak a sama, daidai tankin bariki. Babu ƙara, babu hayaƙi. Ta ce ya daɗe a tsaye, sannan ya zame gefe sumul kamar an ja dutsen guga a kan ƙyalle, ya ɓace. Ta yi addu'a ta ci gaba da shanyarta.

Kafin hantsi ashe duk layinmu ya gani. Mai shayi ya rantse girmansa ya kai babbar mota. Mai aski ya ce ta saman kansa ya wuce, har ya ji ɗumi a ƙeya. Direban da ke haya a gidan kusa da mu ya ce shi ya fara gani, kowa a bakinsa ya ji. Ranar ban yi ɗinkin kirki ba, shagona ya zama majalisa. Haka aka yi ta yi har ranar da rediyo ya sanar cewa masu gadin bariki sun ga wani haske da ba a san ko na mene ne ba, rundunar soja ta kafa kwamitin bincike, duk wanda ya gani ya zo ya ba da bayani. Nan take unguwa ta makance. Na tambayi mai shayi ko zai je, ya ce, "Ni? Ai lokacin ina hura wuta, kaina na ƙasa."

Da yamma na ga Gwaggo ta fito da zaninta na fita unguwa tana gogewa.

"Gwaggo, ina za ki?"

"Bariki, gobe in Allah ya kai mu."

"Don Allah ki rufa mana asiri. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

"Kai dai matsoraci ne, irin ubanka," in ji ta. "Hukuma ta yi tambaya, na gani, sai in ce ban gani ba? Yaran nan da ke kwana a barikin 'ya'yan wasu ne. In wani abu ne zai faɗo musu a ka fa?"

Ta je. Suka ba ta kujera, suka ba ta lemo mai sanyi, suka ce mata Mama. Ta dawo tana taku ɗai-ɗai, ta tsaya a teburin mai shayi ta ce masa sun fi shi tarbiyya.

Ba a daɗe ba motocin sojoji suka tsaya a ƙofar gida. Shugabansu wani kyaftin ne mai tabarau, siriri, mai magana a hankali, irin mutanen da ba ka gane sun cuce ka sai bayan sun tafi. Suka hau matakala da takalmansu, da kyamara, da wani abin awo mai ƙafa uku, suna goga kafaɗa a jikin fararen zannuwan otel. Na rufe shago na bi su. Da farko abin gwanin sha'awa. Ta ina ya ɓullo? Ina ya tsaya? Ina ya nufa? Gwaggo ta miƙa yatsa, Kyaftin ya ɗora madubin hangen nesa a ido ya bi yatsan. Ina kallonsa madubin ya fara saukowa daga sama a hankali, ya sauko, ya sauko, har ya tsaya a cikin bariki.

"Mama," ya ce, "ashe daga nan har ma'ajiyar makamai ana gani."

"To ni makamai nake wankewa, ɗana?"

Wani kofur ya yi dariya, Kyaftin ya dube shi, dariyar ta maƙale. Daga wannan lokaci ban ƙara jin an ambaci haske ba. Wa ke hawa rufin nan? Wa ke riƙe da mabuɗi? Wa ya ba ta izinin zuba kankare? Sannan ya kawo tambayar da har yanzu in na tuna nake jin kamar in fasa wani abu. Wai masu gadin hasumiyar bariki sun daɗe da lura kullum farare ne a igiyar gaba, jajaye a baya. Me ya sa a safiyar da hasken ya fito jajaye ne a gaba?

"Otel ba su kawo kaya ba ranar," in ji Gwaggo. "In bar igiya ta zauna banza ga rana na fitowa?"

"Wato ke kika canza su."

"Da wa zai canza mini?"

Ya gyaɗa kai kamar wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ko wayar hannu sai na danna mata, wai ita ce ke yi wa abin sama ishara da ƙyallen tebur! Suka kwashe jajayen ƙyallayen nan suka zuba a buhu, wai za a kai su gwaji. Da suka sauko suka bi layi gida-gida suna tambaya ko akwai wanda ya ga hasken. Mai askin da ya ji ɗumi a ƙeya ya ce shi barcinsa nauyi gare shi. Direba ya ce ba ya gari. Mai shayi ya ƙara da cewa ai Gwaggo ta manyanta, ido kuma sai a hankali. Mutanen nan duk ta wanke musu kayan suna da na makoki, wasu ko sisi ba ta karɓa ba. Sai lissafin Kyaftin ya fita daidai yadda yake so: mutum ɗaya ce ta gani a duk unguwa, kuma daga wuri ɗaya tilo da ke kallon bariki. Ya manta cewa yaransa ne suka fara gani, su suka tayar da maganar tun farko. An bar jaki ana dukan taiki, don jakin yana sama, ba a san ta inda za a kamo shi ba.

Da suka dawo, da mai walda suka zo. Kyaftin ya ce an rufe rufin har sai an kammala bincike, na ɗan lokaci ne, kada Mama ta damu. Mai waldan ɗan unguwa ne, Gwaggo ke wanke masa kayan aiki, ya kasa haɗa ido da ita, sai jan waya yake yana sunkuyar da kai. Aka ce ta sauko da abin da ke sama. Ni da ita muka riƙa kwasar kaya jiƙe sharkaf muna saukowa, ruwa na bin hannuwanmu. Ta kai hannu za ta kwance igiyoyi, kofur ya ce a bar su, shaida ne. A nan na kasa daurewa.

"Shaidar me? Ku da ke da bindiga da hasumiya kun kasa sanin abin da ya tsaya a kanku, sai igiyar shanya kuka iya kamawa?"

Kofur ya matso har ina jin numfashinsa. "Tela, kana so ka je ka ɗinka wa 'yan gidan yari kaya ne?"

Gwaggo ta kama bayan rigata ta ja. "Yi shiru, ɗan nan. Yi shiru don Allah." Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa haka ba. Muka tsaya a tsakar gida muna jin ƙarar walda daga sama, tartsatsi na zubowa a kan matakala.

Mai gidan abinci shi ya fara janyewa, don ƙyallayensa ba su dawo ba. Gwaggo ta ja igiyoyi a tsakar gida, daga ƙofar ɗaki zuwa tagar kicin, har sai ka sunkuya za ka wuce. Amma zanin gado ba ya bushewa da gaisuwar rana. Ya wuni, ya kwana, ya tashi da warin danshi. Ta gwada shanya a bakin titi, motoci suka bula masa ƙura, ma'aikatan tsabtar gari suka ce ta kwashe. Ta koma busarwa da dutsen guga, tana tsaye tun safe har ƙafafunta suka kumbura, warin dai bai fita ba. Matar da ke kula da ɗakunan otel ta zo da kanta, ta zauna, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce baƙi na ƙorafi. Gwaggo ta ce ba komai, ta raka ta har ƙofa. Matar da ba ta taɓa mayar wa kowa kaya da tabo ba, yau ita ake cewa wankinta na wari.

Bayan wasu watanni rediyo ya ce kwamiti ya gama aiki. Hasken ba barazana ba ne, mai yiwuwa balan-balan ɗin masu auna yanayi ne, mai yiwuwa kuma wani abu ne daban, kuma rundunar na godiya ga jama'a bisa haɗin kai. Nan da nan idon unguwa ya buɗe. Mai shayi ya ce shi tun ranar ya san balan-balan ne, ai ya ga igiyarsa na reto. Na ajiye masa kofinsa ban sha ba, kuma har yau ban ƙara zama a bencinsa ba.

Na raka Gwaggo bariki don a zo a buɗe ƙofa. Wannan karon babu kujera, babu lemo. Muka tsaya a bakin get cikin rana har wani saje ya fito. Ya ce an yi wa Kyaftin canjin wurin aiki. Kwamitin fa? An rushe shi, tunda ya gama aikinsa. To wa zai buɗe? Wanda ya ba da umarnin rufewa shi ke da ikon buɗewa. Na ce ai shi ne kuka ce ba ya nan. Ya ce ƙwarai kuwa. Sannan ya dubi Gwaggo da fuskar tausayi ya ce, "Amma Mama, tsakani da Allah, ai rufin naki yana kallon bariki." Muka koma sau da yawa, amsar ba ta canza ba, sai dai mai ba da ita.

Na ce mata zan samo injin yankan ƙarfe in datse banzar ƙofar, abin da zai faru ya faru. Ta ce in na yi haka ba ta yafe mini ba, don daga hasumiya za su hango, kuma ni za su ɗauka, ba ita ba. Ta ce ta rasa igiya, ba za ta rasa ɗan ƙaninta ba.

Yanzu wankin gidaje biyu ko uku ya rage mata, ƙananan kaya, irin waɗanda za su bushe a inuwa. Ta daina tsayawa a ƙofar shagona tana yi mini tsiya, kuma wallahi na fi son tsiyar. Kwanan baya da hantsi na lura ban ji motsin ruwa a cikin gida ba, na shiga ina kira. Ba ta ɗaki, ba ta kicin. Na ɗaga kai, sai ga ta can a matakalar ƙarshe, a cikin duhu, ta hau da gwiwar nan tata, ta zauna ta manna tafin hannunta a jikin ƙofar ƙarfen.

"Gwaggo, me kike yi a nan?"

"Hawo ka taɓa ka ji," ta ce.

Na hau na ɗora hannu. Ƙarfen ya ɗau zafi rau.

"Ka ji ko? Ranar shanya ce yau, Tela. Da zannuwan otel sun bushe kafin azahar. Ga ta can tana ta zuba a banza."