Ranar da Baba Bulus Ya Ciyar da Tsando

Jama'a, wallahi wannan abu da idona na gan shi, ba ji na yi ba. Wajen ƙarshen zamanin Turawa ne, ana ta ginin masaƙa a Kakuri, ni kuwa ina zaune a Makera, ina aiki a wani ɗakin bincike kusa da bakin kogi, inda ake kiwon ƙudan tsando don a gano kan ciwon barci. Nawa aikin kula da awakin da ake ɗora wa kejin ƙudan su sha jini.

Mai kula da ƙudan shi ne Baba Bulus, mutumin Kagoro, kuma ban taɓa ganin mai son aikinsa kamar bawan Allahn nan ba. Shi ya nuna mini tsando ba ta yin ƙwai, ɗa guda take ɗauka, ta shayar da shi a ciki har ta haife shi. Sai ya ce, "Malam, dubi ikon Allah, ƙuda da nono!" Ciwon barcin nan shi ya kashe mahaifiyarsa fa, amma ko kusa bai tsani ƙudan ba. Akwai wani iri mai taurin kai da ya sha wuya shekara da shekaru kafin su hayayyafa a ɗaki, haihuwar ɗaki ne, ba cuta a bakinsu, amma ba sa kallon akuya, sai ya naɗe hannun riga ya ɗora kejin a damtsensa.

To, da damina zazzaɓi ya kayar da shi, aka kai shi asibiti a hayin kogi. Ƙudan nan suka ƙi ci. Na ba su hannuna suka ƙi, Baturen da ke shugabantar wurin ya ba su nasa, ko oho, ga shi sun fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, wahalar mutum za ta tashi a banza. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ran nan bayan azahar, rana tsaka, na tura ƙofar ɗakin ƙudan sai ga Baba Bulus a kan kujerarsa, keji a damtse. Na ce, "A'a! Baba, yaushe aka sallame ka?" Bai ɗago ba, ya ce, "Rufe ƙofa, Malam, iska na damunsu." Na rufe, na je ɗebo masa ruwa, kafin in dawo babu kowa. Ƙudan kuwa cikinsu ya yi jawur, sun sha sun yi taf.

Haushi ya kama ni, yaya za a bar majinyaci yana yawo? Na hau keke na haye gada sai asibiti. Na tarar da matarsa a bakin gado, na fara faɗa don an bar shi ya fita, ta ce, "Wace fita, Malam? Tun jiya bai buɗe ido ba, ni kuwa ban motsa daga nan ba." Na ɗaga mayafi, innalillahi! Ga sabon cizo jere a damtsensa, har da shatin bakin keji. Ina tsaye sai ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Malam, sun ƙoshi?" Na ce, "Sun ƙoshi, Baba." Ya yi murmushi ya koma barci.

Ya warke, ƙudan suka rayu, kuma har muka rabu bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban iya tambaya ba. Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Ku dai in kun haɗu da mutumin da ya riƙe amanar aikinsa haka, ku girmama shi, don wallahi ba ku san iyakarsa ba.