Ambiyans ya gaji shagon aski

Ambiyans ake ce masa, shi kuwa da fara'a yake amsawa, don a zatonsa yabo ne. Autan mai askin bakin kasuwa ne. Tun yana yaro Baba ya so ya koya masa riƙon almakashi, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa a kan ƙeyar mutane ba. Ya tafi ya sami aikin ɗaukar jaka a wani babban otal, can kuma ya tsinto abin da ya ɗauka ilimi ne, wato kalmomin Turanci na kwatanta yanayin wuri. Idan ɗaki ya yi ɗumi da daɗin zama, ya ce kozi ne. Idan shiru ne mai kwantar da rai, sirin. Idan da hayaniya da raha, laibli. Uwarsu duka ita ce ambiyans, abin da mutum ke ji a jikinsa da zarar ya sa ƙafa a wuri. Ko ta'aziyya ya je, sai ya yamutsa fuska ya ce gidan ba ambiyans.

Da idon Baba ya mutu, aski ya gagara, sai aka kira auta ya karɓi shago. Shagon ba wani abin kallo ba ne: madubi mai tsaga, fanka mai ƙara, da dogon benci wanda zama ya goge har yana sheƙi. Amma bencin nan ba ya rabuwa da mutane. Tela da direba da tsohon masinja, wasu ma ba gashin da za a aske a kansu, nan suke wuni suna musun ƙwallo da kukan tsadar kaya.

Baba ya miƙa masa makulli ya ce, "Abu ɗaya nake roƙonka, auta. Kada ka watsa mini mutane."

"Haba Baba, ai ƙaruwa ma za su yi. Ambiyans kawai wurin ya rasa."

Bai iya aski ba, don haka ya ɗauko wani ya riƙa yi, shi kuma ya duƙufa a kan abin da ya fi ƙarfin kowa. Ya fitar da benci ya jingine a bayan shago. Ya shafe bango da baƙin fenti, ya rataya ƙananan ƙwayaye masu hasken rawaya, har mai askin haya sai ya kunna fitilar waya kafin ya gyara wa mutum saje. Ya jera furannin roba, ya ware kujeru kowace tana kallon bango. Ranar da tela ya ƙyalƙyale da dariya, Ambiyans ya matso yana tafiyar ma'aikatan otal, ya rusuna ya ce, "Kawu, a ɗan rage murya. Nan wurin sirin ne."

Tela ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗauki hularsa. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, suka koma inuwar mai faci a tsallaken titi. Daga ƙofar shago ana hango su suna tafawa.

Mai hankali da sai ya tsallaka ya ba dattawa haƙuri. Ambiyans kuwa ya tsaya tsakiyar shagon da ba kowa, ya riƙe haɓa, ya gano cutar: sirin ya yi yawa, laibli ake bukata. Sai ya sauko da sautin taron mutane a wayarsa, surutu da dariya da ƙarar kofuna, ya haɗa da lasifika ya ɓoye a bayan furanni. Ya lumshe ido yana kaɗa kai, shi ala dole ya warware matsala.

A gida kullum Baba sai ya tambaya, shi kuma ya ce shago ba masaka tsinke. Wata safiya kewa ta ishi tsohon, ya sa babbar 'yarsa, wadda suke kira Yaya, ta kama masa hannu ta kai shi.

Tun daga bakin ƙofa ya ji hayaniya, fuskarsa ta washe. Ya saki hannun Yaya, ya yi sallama da ƙarfi, ya miƙa hannu wajen da benci yake a da. "Tela, kana nan da rigimarka? Direba, wa ya ci jiya?"

Lasifika ta ci gaba da dariyarta. Yaya ta toshe baki da mayafi, hawaye na zubo mata. Ambiyans ya taɓa ta da gwiwar hannu, yana murmushi, ya raɗa mata, "Kin gani ko? Har Baba ya ji ambiyans ɗin."

Baba yana tsaye, hannunsa a miƙe ba wanda ya karɓa. Ya sake sallama, wannan karon a hankali. Can ya janye hannun ya sa a aljihu, ya juya yana laluben ƙofa.

"Mayar da ni gida," ya ce wa Yaya. "Nan ba kowa."