Maƙerin da Ya Fito da Muƙamuƙin Kada

Kawuna Gumar maƙerin azurfa ne a unguwar Obitara, cikin Agadas. Gadon sana'ar ya yi. Da rashin tsaro ya hana baƙi shigowa gari, ciniki ya tsaya, sai ya koma gyaran butoci da kwaɗuna. Duk ya rame, ko hira ba ya yi.

Ana haka Dakta Balkisa ta zo daga Yamai da mutanenta, masu tono ƙasusuwan dabbobin zamanin da. Suka kwaso duwatsu daga hamada, suka sauka kusa da gidanmu. Wata rana kwaɗon ƙofarsu ya cije, aka kira Kawu. Ta tsaya tana kallon yadda yake riƙe magagari.

Ta ce, "Baba, za ka iya kankare dutse daga jikin ƙashi ba tare da ka taɓa ƙashin ba?"

"Ƙashin me, 'yata?"

"Na kada."

Ya yi dariya. "Kada a hamadar Tenere? To ina yake samun ruwan wanka?"

Ta zaunar da shi, ta bayyana masa cewa inda muke ganin rairayi a yau, koguna ne a wani zamani mai nisa. Bai gama yarda ba, amma ya karɓi aikin.

Matarsa, Inna Tekna, ta sa shi a gaba. "Maigida, tsaranka na ƙera sarƙar amare, kai kana yi wa mushen kada asuwaki."

"Shi dai ba ya yi mini gori," in ji shi.

Wata rana haƙori ɗaya ya karye a hannunsa. Kunya ta hana shi komawa. Dakta ta biyo shi har gida, ta sha shayi, ta ci cuku, sannan ta ce ita ma ta taɓa fasa abin da ya fi wannan. Ta nuna masa yadda ake liƙewa. A nan ta lura yana ƙanƙance ido, ta sa aka kai shi asibiti aka yanka masa tabarau.

Kafin damina muƙamuƙin kadan ya fito fes daga dutsen, ya fi hannun mutum tsawo. Dakta ta ce ba su taɓa ganin irinsa ba, sai sun kwatanta shi da wasu. Kafin a tafi da shi Yamai, ta ce sai mutanen gari sun fara gani. Aka ajiye shi a tsakar wata makaranta, Kawu ya sha rawani, ya wuni yana yi wa jama'a bayani. Inna na gefe tana gaya wa mata, "Mijina ne fa."

Ya ci gaba da yi musu aiki har hannunsa ya fara rawa. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Dakta ta zo gaisuwa, ta sauka a ɗakin Inna kamar 'yar gida. Har yau ba ma rufe addu'a a gidanmu sai mun sa sunanta.