Kuɓewar Hajiya Safara'u a Kan Sola

Garzali ɗan Goggo Halima, tun yana ƙarami babu rediyon da ya kwana lafiya a gidansu. Duk wanda ya kwance sai an samu ragowar kusoshi a aljihunsa. Yau ga shi shi ne mai kula da na'urorin wani ƙaramin kamfani da ke raba wa gidajen ɗaliban jami'a intanet a Wudil, har da riga mai tambari, wadda dangi ke zargin da ita yake wanka.

Aikin kusan gadi ne. Akwai kwamfuta a shago, kowace na'ura da suka kafa a gari tana da ɗigonta a fuskar kwamfutar. Kore lafiya, ja matsala. Da ɗigo ya yi ja sai ya saɓi jaka ya hau babur.

Lokacin da kamfani ke neman wuri mai tsayi a Sabon Gari, Garzali da bakinsa ya ce ai babu kamar benen surukarsa, Hajiya Safara'u. So yake duniya ta san 'yar gidan bene ya aura. Aka kafa eriya a sama, da farantin sola da batir.

Kaka na yi, ɗigon gidan ya fara tsiya. Bayan la'asar ja, da safe kore. Ɗalibai suka yi masa ca a waya. "Injiniya, intanet ɗin nan azumi yake yi ne?"

To, mutumin kirki ba ya faɗa wa gidan surukai kai tsaye. Duk ranar da zai je dubawa sai ya sa matarsa Bilkisu ta yi wa uwarta waya tun ana gobe. Kafin ya iso an share saman benen tas, an goge sola tana sheƙi, Hajiya ta shige ɗaki. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya kwashi gaisuwa ta bayan labule, ya hau, ya auna komai, lafiya lau. Ran nan ɗigo ya wuni kore. Washegari ja.

Ya canza batir. Ya canza waya. Ya sauko da na'urar kanta ya sa sabuwa. Ba don Allah ya kiyaye ba da benen ma ya canza.

Oga Isyaku, mai kamfanin, ya gaji. "Garzali, kayan gyara sun ƙare a kan gida ɗaya. In ɗigon nan ya sake ja a satin nan, ka ajiye min rigata."

Asiri ya tonu ne ranar da ya hau wani ƙarfen eriya a bayan layin don wani aikin daban. Ya waiga ya hango benen, sola ta zama koriya shar. Hajiya ce tsaye tana baza yankakkiyar kuɓewa a kanta. Ta samu faifan da ba ta taɓa samun irinsa ba: ga zafi, ga santsi, akuya ba ta kai wa. Batir kuwa ko ɗigon rana ba ya gani.

Ya koma gida ya samu Bilkisu.

"Bilki, ki faɗa wa Hajiya ta daina shanya a kan sola."

"Ni? Kai da ka kawo kayanka gidanta? Miyar da ka yi ƙari jiya daga ina kake zaton ta fito?"

Ya yi dabara, ya je wurin mai walda aka haɗa masa gadon shanya na kwano, ya aika. Hajiya ta sa masa albarka ta waya har Bilkisu ta gaji da amin. Ta ce yanzu wuri ya wadata: kuɓewa a sola, tattasai a kwano.

Ya je da kansa. Ya gaida ta da gajiya, da gida, da jikoki, da sanyin safiya, ya sake komawa kan gajiya. Ta ce, "Ko da magana ne?" Ya ce, "A'a, dama gaisuwa ce." Da la'asar ɗigo ya yi ja.

Washegari ya ninke rigar ya kai wa Oga Isyaku, ya faɗi gaskiya tun daga farko.

"To ka hana ta mana!"

"Oga, uwar Bilkisu ce fa."

Oga ya miƙo masa rigar. Shi ma tun da ya yi aure bai taɓa shan ruwa a gaban tasa surukar ba.

"Mai da rigarka," in ji shi. "Je ka a yanko dogon ƙarfe, ka ɗaga solar inda hannu ba ya kai. In ta tambaya ka ce umarni ne daga Kano."

Haka aka yi, ɗigo ya zauna kore. Hajiya dai ta ce wa Bilkisu mutanen Kanon nan ba su san darajar miya ba, kuma ta aiko a tambayi Garzali ko kamfanin nasu na da tsohuwar sola da ba a amfani da ita.