Tsinken Tsintsiya da Ƙafar Yayata

Mamarmu ba ta taɓa kai mu kasuwa sayen takalmi ba. Idan Kirsimeti ya matso, sai ta jera mu a tsakar gida a Kagoro, ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta aza shi daga dunduniya zuwa kan babban yatsa, ta karya. Ta ɗaure tsinkayen da zare, ta soke a ɗankwali, ta shiga mota zuwa Kafanchan. Can mai takalma zai zura tsinken cikin takalmi, in ya kwanta daidai shi ke nan. In ka sa ka ce yana matse ka, sai ta harare ka ta ce sabon takalmi dama cizo gare shi, ka daure zai saki. Muna daurewa kuwa, yana kuma saki.

Yayata ce ta ɗauko Mama a komai, har da taurin kai. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, mijinta dattijon ikilisiya. Mace ce mai jiki, amma in aka buga tulu aka kaɗa caki ranar godiya, ita ce a gaba, ba ka cewa ƙasa take takawa. Da likita ya ce tana da ciwon suga, ta rage tuwo ta riƙa motsa jiki, ba ta ɗauki maganar da nauyi ba sai da aka sa ranar auren 'yarta mace ɗaya tilo. A wajenmu uwar amarya ce ke jan mata da rawa ranar sallamar yarinya. Ta ce mini, "Auta, ko me za a yi, da ƙafata zan raka yarinyar nan. Ki kai ni wurin tsalle-tsallen naku."

Wurin da take nufi ɗakin motsa jiki ne a saman wani shago, ni na riga ta fara zuwa in na tashi daga makarantar da nake koyarwa. Mata ke shiga da yamma. Ba gudu ake yi ba, tsuguno ne da miƙewa, da matsawa gefe da gefe, da hawa akwati, da ɗaga 'yan ƙarafa. Ni ma da kambas ɗin gudu na fara, mai tudun dunduniya da laushi kamar burodi, har ranar da ƙafata ta gurɗe na zube a gaban jama'a. Saboda haka na zaunar da ita na yi mata bayani. Na ce ta nemi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda gefensa zai riƙe ƙafa, gabansa kuma da faɗi yadda yatsu za su baje. Na ce mu je kasuwa tare da yamma, lokacin da ƙafa ta gama kumburinta, ta sa safa ta gwada duka biyun, ta taka ta tsuguna.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malama, an fara lacca ke nan? Ni da girmana in je in zauna a bakin rumfa, in ɗage zani a gaban maza ina tsuguno? Matan coci su wuce su gan ni? Allah ya kiyaye."

"Haba Yaya, ƙafarki ce fa! Ke da kika ce kwanan nan kamar auduga kike takawa?"

"To ai ka ji, ba ta ciwo ke nan. Mama ta gwada mana takalmi a kasuwa? Wa ya mutu a cikinmu?"

Raina ya ɓaci, na ɗauki jakata na fita ko sallama babu. Washegari da sassafe ta karya tsinke a ƙafarta ta dama, ta ba mijinta. Shi kuma ya kai wa wani Alhaji mai gwanjon takalma, wanda tun zamanin Mama a rumfar ubansa muke saye. Daga baya Alhajin ya gaya mini ya ce wa maigidan, "Irin wannan takalmi gara Madam ta zo da kanta." Maigidan ya yi dariya ya ce ai ka san ta. Aka zura tsinke, ya kwanta daidai.

Takalmin kam ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ruwan hoda ne da ratsin fari, siriri kamar kifi. Amma tsinke tsawo kawai ya sani, bai san faɗi ba, bai kuma san cewa ƙashin babban yatsanta na hagu ya turo gefe tun tana budurwa ba. Da na gan shi a ƙafarta na ce, "Wannan na gudu ne, kuma ya matse ki." Ta buga ƙafa a ƙasa ta ce ko kaɗan ba ta ji komai. Gaskiya ta faɗa, ba ta jin komai ɗin.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne yadda ta so wurin nan. Ita da ta zo da kunya, sai ga ta tana rera waƙar zumunta ana tsuguno, 'yan matan jami'a suna amsawa. Ta fara faɗawa, zaninta ya fara zagayowa da saura. Duk sanda na yi maganar takalmi sai ta ce, "Ke dai baƙin ciki kike, nawa ya fi naki kyau." Na ce ta bari in duba ƙafar, ta ce ita ba jaririya ba ce.

Wata yamma igiyar takalmin ta ƙulle mata, ta kasa sunkuyawa da kyau, na durƙusa na kwance. Da na zare takalmin hagu, safar ta manne da gefen yatsan, ta yi baƙi ta bushe. Na ja a hankali, wari ya bugo ni. Wayyo Allah, rami ne. Na ɗago ido, ita kuwa tana can tana yi wa wata yarinya tsiya a kan wandonta. Na ce, "Yaya, tun yaushe?" Ta leƙo ta ce, "Au, ɗan ƙujewar nan? Ina gasa shi da ruwan gishiri. Sabon takalmi ne, zai saki."

A wurin na fashe da kuka, na kuma yi mata masifar da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba. Ran nan ne kaɗai na ga ta bi ni kamar ƙanwa, muka shiga keke zuwa asibiti.

An yi ƙoƙari. Aka wanke, aka ɗaure, aka ba da magani, matan zumunta suka yi ta azumi da addu'a. Gyambon ya ƙi rufewa. Aka cire yatsan, baƙin ya ci gaba da hawa. Aka tura mu Jos, can likita ya ce a zaɓa, ko ƙafar ko ran. Mijinta ya fita waje ya jingina da bango, dattijo da furfurarsa yana cewa shi ya kai tsinken. Ita ce ma ta sa aka kira shi ta ce, "Baban yara, ni na karya shi, kai aike ka je." Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Muka dawo gida lokacin da sabuwar citta ta fara shiga kasuwa, biki kuma ya matso. Na zaci ba za ta ƙara son jin sunan kambas ba. Sai wata ranar Asabar ta aiko a kira ni. Na same ta ta yi wanka ta ɗaura ɗankwali, sandunanta a gefe. Ta ce likita ya ce ƙafar da ta rage sai an riƙe ta kamar ƙwai, kuma za ta koma ɗakin nan ko ƙarfe ne ta riƙa ɗagawa a zaune. Ta ce, "Yamma ta yi, ko? Ki tsayar mana da keke."

A bakin rumfar Alhaji ta zauna a kan benci, ana wucewa ana kallo. Da hannunta ta ɗage zanin. Alhaji ya ce, "Sannu, Mama," ya shiga fito da takalma. Ta sa safa, ta gwada wannan ta ce ya matse, ta gwada wancan ta ce dunduniyar ta yi tudu. Tun da ba ta yarda da abin da ƙafar ke gaya mata ba, ni take sawa in danna gaban in ji inda yatsu suka tsaya. A ƙarshe muka samu wani baƙi mai faɗi, mummuna kamar kwaɗo. Ta ce, "Malama, wannan ya ci jarrabawa?" Na gyaɗa kai.

Alhaji ya haɗa ƙafa biyun zai sa a leda, sai hannunsa ya tsaya. Ta ce, "Sa duka mana, Alhaji. Wa zai sayi guda?"

Ranar sallamar, a kujera aka ajiye ta a gaban rumfar biki. Da aka buga tulu, matan suka tsaya, ba wadda ta yarda ta shiga gaba. Ta ɗaga hannu ta kira ni. Ta ce, "Auta, je ki raka mini ita." Ni da ban iya rawa ba, na shiga gaba hawaye na zuba, amarya a bayana ita ma tana yi. Da na waiwaya, na hango baƙin takalmin nan a ƙarƙashin leshinta yana buga ƙasa daidai da kiɗa.

Na hagun yana ɗakina, cikin ledar Alhaji, igiyarsa ko kwancewa ba a yi ba. Ta ce in jefar. Na ce to, Yaya.